Hodar da Ta Ƙi Sifirit

Ranar Lahadi da rana tsaka aka kira Sufeto Lavallee zuwa shagon gyaran kwamfuta na tsoho Wendell Sawatzky, a arewacin Winnipeg. 'Yan kwana-kwana sun riga sun kashe wutar. Ruwan da suka fesa ya daskare a saman ƙofa saboda tsananin sanyi, yana reto kamar gemun gilashi.

Tsohon yana kwance a ƙofar ɗakin baya, tukunyar kashe gobara a gefen hannunsa, ya ƙarar da ita tas. Hayaƙi ne ya kashe shi. Hodar tukunyar, mai ruwan ɗorawa, ta rufe komai a wajen, har da wata kwamfuta da ke ƙarƙashin tebur, cikinta a buɗe. Sufeto ya durƙusa ya leƙa. Akwai dogon gurbi guda da babu komai a cikinsa.

Shugaban 'yan kwana-kwana ya ce wannan ba abin dubawa ba ne, masu gyara kullum kayansu a wargaje suke. Aka rubuta haɗari.

Noreen, 'yar marigayin, ba ta yarda ba. Kowace Litinin sai ta zo caji ofis ta zauna a benci, ba ta cire safar hannu, ba ta karɓar kofin gahawa. Ranar da za a rufe fayil ɗin ta shigo ofishin Sufeto kai tsaye, ta ajiye wani abu a nannaɗe cikin tawul.

Katin hoto ne, wannan dogon allo mai fanka uku da ke zana duk abin da ido ke gani a fuskar kwamfuta. Ta ce tun rasuwar babanta take karɓar gyara a garejinta. Jiya wani direban babbar mota ya kawo mata wannan, ya saya na hannu, yana so a wanke masa wani datti da ya rasa gane kansa.

"Dubi kan sukurorin nan," in ji ta. "Ɗigon jan farce. Babana ne kaɗai ke yi wa kayansa wannan alama."

"Dattin fa?"

Ta ɗaga fanka ɗaya da sukundireba. A ƙasanta wani ɓawo ya manne, rawaya-rawaya, kamar garin furen da ƙudan zuma ke ɗauka a ƙafa.

"Ban taɓa shi ba. Wanda ya saka shi a wannan hali nake so ya zo ya gani."

Sufeto ya sami direban, Lorne, a garejin manyan motoci yana cin dankali da romo a kwali. Da farko ya rantse kyautar ƙaninsa ce. Da aka nemi lambar ƙanin sai ya share baki, ya ce gaskiya a filin ajiye motoci na wani shagon gahawa ya saya, ya ɓoye ne don matarsa ba ta san ya kuma sayen kayan wasan kwamfuta ba.

"Wa ya sayar maka?"

"Wani dogo mai koriyar mota, Yallaɓai. Ya ce ya wanke shi da sifirit sau uku. Har a lokacin ina jin warin a hannunsa."

Da Sufeto ya ba Noreen labari, tana jin koriyar mota ta faɗi suna: Darcy Kehler. Shekara goma sha tara yana aiki da babanta, har bara da tsohon ya kore shi a gaban masu kawo gyara, ya ce yana musanya wa mutane kayan cikin kwamfutarsu.

Ranar Asabar masu tsofaffin kayan kwamfuta kan baje koli a zauren ƙasa na wani coci. Can Sufeto ya tarar da Darcy a bayan teburinsa, tsakanin wayoyi da fankoki. Noreen ta biyo baya, ta tsaya a jikin bango.

Sufeto ya buɗe tawul ɗin. Darcy ya ce bai taɓa ganin katin ba. Da aka ambaci Lorne, sai ya tuna cewa marigayin ne ya ba shi, tun kafin su ɓata.

"Wannan ɓawon fa?"

"Maiƙon robar da ke sanyaya shi ne. Ko hayaƙin taba. Kowane tsohon kati yana yi."

"Goge min mu gani."

Darcy ya tsoma auduga a kwalbar sifirit ɗinsa ya dirza. Ɓawon bai motsa ba. Sufeto ya ɗebi ruwa daga gorarsa ya ɗiga ɗigo ɗaya a gefen. Wani mai tebur na kusa ya ja numfashi kamar an mari uwarsa. Ɓawon ya narke, ya gangaro a kan tawul.

"Ku masu gyara ba ku yarda ruwa ya kusanci kati, ko da wuƙa a wuya," in ji Sufeto. "Shi ya sa ka yi ta fama da sifirit. Maiƙo da taba suna bin sifirit. Wannan hodar kashe gobara ce, ɗakin gwaji ya tabbatar, kuma ruwa kaɗai take ji. Tukunyar shagon sau ɗaya aka taɓa fesa ta, ranar da tsohon ya mutu. Katin yana cikin kwamfutar lokacin da yake fesawa. Da 'yan kwana-kwana suka iso, ba ya nan. Wa ya cire shi a tsakani?"

Darcy ya rufe kwalbar a hankali, ya zauna.

Ya ce shi ya zuba sifirit a teburin baya ya kyasta ashana, yana zaton tsohon ya tafi coci. Shagon yake so ya ƙone, don tun ranar korar babu wanda ya ƙara ba shi ko linzamin kwamfuta ya duba. Yana tsaye a lungu sai ya ji tukunyar tana huci, sannan ya ji faɗuwa. Ya shiga. Tsohon yana numfashi, idonsa a buɗe.

"Katin nan matacce aka kawo shi, ni na tashe shi, hunturu guda ina kansa. Tsohon ya riƙe shi kamar yadda ya riƙe sunana. Na tsallake shi a kwance na cire abina." Ya juya wajen Noreen a jikin bango. "Ƙanwata, na zaci zai tashi."

"Kada bakinka ya ƙara kirana haka," in ji Noreen. Muryarta ba ta tashi ba. "Taku huɗu ne daga inda ya faɗi zuwa waje. Na auna."

Sufeto ya saka masa ankwa, ya nufi ƙaramar ƙofar baya da shi. Noreen ta tare hanya. Ta ce ba ta nan ba, ta babbar ƙofa, kuma kada a yi sauri.

Sufeto ya dube ta, ya juya da shi. Tebur talatin da ɗaya ne a zauren, kuma kowane mai tebur ya san Darcy da suna. Noreen ta bi bayansu, tana tsayawa a gaban kowane ɗaya tana faɗin abin da ya yi, har suka kai matakala.