Riga Biyu Iri Ɗaya

"Mama, wai da gaske Abba mugu ne? 'Yan ajinmu sun ce sun ga yana shaƙe wata a kaset."

Kausar ta ajiye almakashi ta dubi ɗiyarta. Takaici ya kama ta, domin irin wannan shirmen ne ya kusa hana ta auren uban yarinyar.

A shekarar 2003 ne. Gobarar kasuwar Terminus ta cinye shagonta, ta dawo da kekenta zauren gidansu a unguwar Ali Kazaure, 'yan fim suna kawo mata ɗinki. Ranar da Musaddiq ya yi sallama, kallo ɗaya ta yi masa ta taɓe baki. Kowa ya san fuskar nan, shi ne mugu a kowane fim.

"Riga biyu iri ɗaya darakta yake so," ya ce, kansa a ƙasa. "Ɗaya awona, ɗaya awon Sharafaddeen."

"Kai kuma me ya haɗa ka da rigar jarumi?"

"Jarumin ya ce ba zai shiga kududdufin da aka haƙi kuza ba, sanyi zai ɓata masa fata. Ni zan faɗa ruwan a ɗauke ni ta baya."

Dariya ta ƙwace mata. Yadin bai kai faɗin kafaɗarsa ba, sai ta yi masa ƙari da ƙyalle a tsakiyar baya.

Bayan kwana uku saƙo ya shigo wayarta: "Telata, rigarki ta sha ruwa, ni na kwashi mura. Gobe zan zo, amma ba ɗinki zan kawo ba."

Ta amsa: "Ka sha citta, Muguna. Ina zaure bayan la'asar."

Tun daga nan ba su ƙara wuni ba su ji muryar juna ba.

Da maganar aure ta taso, mahaifiyarta Hajiya Kubra ta yi tsalle ta dire.

"Wannan mai jan idon? Da idona na ga ya zuba wa marainiya guba!"

"Umma, wasa ne fa."

"Ki rufe min baki."

Ana cikin haka Sharafaddeen ya ɓullo, wai shi ma yana so. Turare kamar an yi ɓarinsa, baƙin gilashi har cikin falo, hannu kullum a kan suma. Hajiya ta narke.

"Yaron da ya faɗa ruwa don ceton rai! Ka turo manyanka ranar Juma'a."

Ko kunya babu ya ce, "Wallahi Hajiya, a lokacin ban ma tuna da raina ba."

Kausar ta tashi ta saka kaset ɗin fim ɗin, ta tsayar da shi daidai inda jarumi ke faɗawa ruwa, ta nuna bayan rigar.

"Umma, matso. Wa ya koya min irin wannan ƙarin?"

Hajiya ta ƙura ido. "Ni ce mana."

"To kafaɗar wa ke neman ƙari?"

Hajiya ta juya ta ƙare wa Sharafaddeen kallo, kafaɗu kamar hangar rataye kaya.

"Ɗan nan, ka ma iya iyo kuwa?"

"Hajiya, harkar fim ce, ba za ki gane..."

"Na gane sarai. Ajiye min kofina."

Washegari mahaifin Kausar, Malam Datti, ya shiga unguwar su Musaddiq bincike. Daga liman har mai shayi, babu wanda ya ambace shi sai da alheri.

Bayan babbar sallah aka ɗaura. Hajiya da kanta ta dafa kan angon.

"Ka yafe min, ɗana. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ɗayyiba."

Musaddiq ya saci kallon amaryarsa. "Telata, an ba mugu mata."

"An ba ni dai," ta ce, tana rufe fuska da mayafi.

Ke mai 'ya mace, ina gargaɗinki. Kada ki kuskura ki zaɓi suruki a gilashin talabijin. Ki yafa gyalenki ki je unguwarsu ki tambaya, tun kafin ki miƙa 'yarki ga wanda ko sanyin ruwa ba zai jure dominta ba.