Ruwan Idon Abdussamad

"Abdussamad, in ka sake ce min kyamara, wallahi tashi zan yi in bar ma zauren ga."

Mubaraka ba ta ɗaga murya ba, don muryar ma kuka ya cinye ta. Kwana bakwai ke nan da rasuwar mahaifinta, Malam Rabo mai lambun albasa a Badaguishiri, ga kuma wanda ta yi shekara uku tana jira ya turo magabatansa ya durƙusa gabanta yana murza hula.

"Baraka tawa, ki saurare ni..."

"Na gaji," ta ce. "Ba fushi nika yi ba. Gajiya ce."

Ta miƙe ta shige gida.

Ba mugun mutum ba ne Abdussamad, kowa zai shaida. Ma'aikacin buro ne, wato ofis, a Ƙonni, mai kunya, mai sha'awar ɗaukar hoto da wayarsa: raƙuma, 'yan kasuwa, faɗuwar rana. Ciwonsa ɗaya, ruwan ido. Hula ma sai ya zaga shago uku ya dawo gida da tsohuwarsa. To, sai Allah ya haɗa shi da ƙananan kyamarori biyu masu tsada a shagon wani Chindo, kowacce tana shiga aljihun riga. Baƙar tana jawo abu daga nesa, kuma ba ta ƙara in an latsa ta. Farar ba ta jawo nesa, amma ko a ɗaki mai duhu hotonta tas yake fita. Wata bakwai yana auna su. Ya zo zance, maimakon ya faɗa mata ranar da kawunsa zai zo, sai ya buɗe waya yana nuna mata wadda batirinta ya fi daɗewa, ita kuwa tana danne hamma da bakin mayafi.

Abu ɗaya ta taɓa roƙonsa: hoton Baba.

Malam Rabo ba ya son hoto. Da an ɗaga waya sai ya ja hula ya rufe fuska. Hotonsa ɗaya ne a duniya, na katin ɗan ƙasa, shi ma ruwan damina ya wanke shi har ba a gane hanci. Amma wata Juma'a da Abdussamad ya aro baƙar kyamarar don gwaji, ya wuni a lambu yana ɗaukar albasa da rijiya da jaki, sai tsohon da kansa ya kira shi.

"Kai, mai hoto! Ni ban kai albasa daraja ba?"

Murna ta kama Mubaraka. Ta san mahaifinta, wannan karɓar suruki ce ya yi a fakaice. Shi kuwa gogan sai ya sosa ƙeya ya ce Baba ya yi haƙuri, wannan ta aro ce, sai ya sayi tasa, a sa babbar riga a yi na gaske. Washegari ya mayar wa Chindo kayansa, wai har yanzu zuciyarsa tana kan farar.

Mako uku bayan nan zazzaɓin kwana biyu ya tafi da Malam Rabo.

Inna Delu, mahaifiyarta, da ma ta gaji da gafara sa ba ta ga ƙaho ba. Ga Sharifu, mai motar da ke kwasar albasa zuwa Kwatano, shi ma yana neman auren Mubaraka, wanda ya sauke buhunan shinkafa a gidan makoki, ya kuma bar 'yar magana a kunnen Inna cewa wayar Abdussamad cike take da hotunan 'yan matan Ƙonni. Mubaraka ta san ƙarya ce, raƙuma ne suka cika ta. Amma ko ƙarfin kare shi ba ta da shi. Inna ta ce ranar addu'ar arba'in kawun Mubaraka zai nemi ta faɗi wanda ta zaɓa, ba za a yi mata dole ba, sai dai ta tuna gidan yanzu ba namiji.

Daga ranar zauren nan Abdussamad bai sake kira ba.

Ta jira mako ɗaya. Ta jira biyu. Daga baya ta daina duba waya. Abin da ya fi ci mata rai, in ta rufe ido ta nemi fuskar Baba, sai hular ta zo, gemun ya zo, amma tsakiyar ta ƙi zama. Tana son Abdussamad, wannan ba ta musu, amma so bai hana ta yanke shawarar cewa Sharifu za ta ambata ba.

Ranar arba'in da la'asar, an watse, kawunta bai kai ga kiranta ba tukuna, tana wanke ƙwarya a tsakar gida, aka ce ana sallama da ita.

Abdussamad ne. Ya rame. Ya yi baƙi. Kuma a ƙasa ya zo daga tasha, babu babur ɗinsa.

Bai ce kyamara ba. Hannu kawai ya sa a aljihu ya fito da baƙar, ya kunna, ya miƙa mata.

Baba ne.

Yana tsugune a cikin albasa da tsohuwar rigarsa ta aiki, hula ta karkace, ya ɗaga wata ƙatuwar albasa sama yana dariya har ana ganin giɓinsa. Mubaraka ta zauna a dandaryar ƙasa.

"Yaushe...?"

A hankali ya ba ta labari. Ran nan daga bakin rijiya ya gwada jawo nesa, ya latsa, ba ta yi ƙara ba, shi kansa ya manta sai daren da ta kore shi. Ya koma wajen Chindo ya tarar an sayar da ita ga wani ɗan kasuwa na Tsarnawa, da katin hotunan a ciki, mutumin kuma ya yi tafiya da ita. Wata guda yana sintiri Tsarnawa, yana addu'ar kada a goge. Bai kira ta ba don tsoron sake yi mata alkawarin da ba ya hannunsa. Da mutumin ya dawo ya ƙi sayarwa, sai da ya bar masa babur.

"Ai katin kaɗai ya ishe ka," ta ce tana share hawaye.

"Ita ta gan shi, Baraka. Ita na zaɓa."

Ta shiga da kyamarar ɗakin da Inna ke takaba. Inna ta karɓa a yatsine, ta duba. Ta goge gilashin da bakin zane ta sake dubawa.

"Ji shi," ta ce. "Shekara talatin ina hwaɗa mai ya yar da rigar ga."

Sai ta rungume kyamarar a ƙirji. Da kukan ya lafa, ta tambaya ko yaron shi kaɗai ya zo. Mubaraka ta ce a'a, kawunsa yana ƙofar gida tun ɗazu, da goro.

"To mi kika jira? A shimfiɗa musu tabarmar Malam."

Ta fito da tabarmar a hammata. Yana nan tsaye inda ta bar shi, yana murza hula.

"Ba ka son ka ƙara dubawa?" ta ce. "An ce Ƙonni cike take da 'yan mata."

"Dube-dubena ya hana ki hoton Baba da babbar riga. Ba shi hana ni ke."

Ta dube shi. Gajiyar tana nan, ba ta tafi duka ba, amma ta sami wurin sauke ta.

Ta miƙa masa tabarmar.

"Shimfiɗa, tun ba ka fara zaɓen inuwa ba."