Hannun da Arzika Ya Ɗaga

"Ni ina da magana."

Assibi ba ta buƙatar waiwaye kafin ta gane muryar, amma sai da ta waiwaya.

Can a bakin ƙofa, kan kujerar katako da aka ɗauko shi a kai, Arzika ne zaune, hannunsa na dama a sama.

A 'yar majami'arsu ta masu jin Hausa, wadda ke maƙale a wani lungu na Zongon Kwatano, ba a ɗaura aure sai an yi sanarwa Lahadi uku a jere, kowace rana Fasto ya tambaya ko akwai mai dalilin da zai hana. Tun da aka kafa rumfar majami'ar nan ba a taɓa samun wanda ya amsa ba. Yau, a Lahadi ta uku, an samu. Kuma angon ne da kansa, angon Assibi.

"Arzika, ɗana," in ji Fasto a hankali, "ka san abin da kake yi kuwa?"

"Na sani, Baba Fasto. Wanda aka yi wa sanarwa mai ƙafafu ne. Ni ba shi ba ne."

Assibi ta ƙura masa ido.

Bayan sanarwa ta farko ne abin ya faru. Arzika ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa. Igiya ta tsinke, buhunan siminti suka rufto masa a baya. Zamanin ne da rediyo ke ta ihun juyin juya hali safe da yamma, alhali a asibiti ko auduga sai mutum ya je da tasa. Likita ya duba, ya girgiza kai, ya ce daga ƙugu zuwa ƙasa sai haƙuri. Assibi ta ce a ci gaba da sanarwa. Ashe shi yana can yana shirya tasa.

Fasto ya rufe littafinsa. "An dakata. Lahadi mai zuwa zan sake tambaya, abin da na ji shi ke nan."

A gida Gwaggo Yalwa, wadda ta riƙe ta tun rasuwar iyayenta, ko mayafi ba ta bari ta cire ba.

"Yaron nan ya fi ki hankali. Allah ya nuna miki alama ƙiri-ƙiri, me kuma kike jira?"

"Gwaggo, Allah ne ya tsinke igiyar?"

"Ni ban ce ba. Amma ga Soumaïla, yana da aikin biro, na ofis, yana da ƙafafunsa biyu."

Soumaïla kuwa, shugaban mawaƙan majami'a, mutum ne da ke ce wa kowa kamarad, irin kiran 'yan juyin juya hali, ranar Litinin, ya ce ɗan'uwa ranar Lahadi. Da yamma sai ga shi da lemo a leda da fuskar ta'aziyya, kamar an riga an binne wani.

"Assibi, nufin Allah ba ya kuskure..."

Ta shige ɗaki ta bar shi da lemonsa.

Makon nan bai yi mata daɗi ba ko kaɗan. Tana zuwa unguwar Tokpa-Hoho ta soya ƙosanta, ta dawo, ba ta san wa ya saya ba. Addu'a kuwa ta daina. In ta durƙusa, kalma ɗaya ce ke zuwa bakinta: me ya sa? Mutumin da bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Ga azzalumai nan suna yawo cikin mota, ƙafafunsu lafiya lau. Haushin Allah take ji, kuma tsoron haushin na cin ta.

Ranar Juma'a ta kasa daurewa, ta nufi gidan hayar da Arzika yake. A tsakar gida ta tarar da Inna Mamata, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a majami'a, tana wanke masa zanen gado.

"Inna, ki faɗa mini gaskiya. Wane zunubi muka yi?"

Tsohuwar ta matse zanen, ba ta ɗago ba. "'Ya'yana duka ni na rufe musu ido, 'yar nan. Kina jin ban tambaya ba?"

"Me aka ce miki?"

"Ba a ce mini komai ba. Har yau."

"To me ya hana ki barin majami'a?"

"In je ina?" Ta shanya zanen, ta goge hannu a gefen zaninta. "Ni ban yi lakwal ba, ko ajin boko ban taɓa shiga ba. Amma na ji cewa da Almasihu ya je kabarin abokinsa, bai yi wa 'yan'uwan mamacin mata wa'azi a kan zunubi ba. Kuka ya yi. Kuma da ya tashi daga matattu, bai goge tabon ƙusa daga hannunsa ba, da shi ya tashi. Wanda ke da tabo ya san inda ke yi mini ciwo. Dalilin ban samu ba, amma ban taɓa yin kukan ni kaɗai ba."

Assibi ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan siminti.

"Haushinsa nake ji, Inna."

"Ki faɗa masa. Ya fi ki juya masa baya. Yanzu shiga, yana jin muryarki."

Ɗakin na warin magani. Arzika ya juya fuska bango.

"Me ya kawo ki?"

"Kai."

"Assibi, ki tafi. Don Allah."

"Dube ni ka faɗa."

Bai juyo ba.

"Ko bayan gida sai an kai ni," ya ce. "Ƙila ba zan ba ki ɗa ba. Soumaïla ya zo nan ya ce in da gaske nake son ki, in sake ki. Ya ce wanda Allah ya karya ba ya jan wani cikin karayarsa. Na duba, na ga gaskiya ya faɗa."

Sai yanzu ta gane inda hannun nan ya samo ƙarfin tashi.

Ta zauna bakin gadon. "Arzikana... da ni igiyar ta tsinke wa, da ka ɗaga hannu?"

Ya ƙara matsawa jikin bango.

"Amsa mini."

"Da na yanke hannun," ya ce.

"To don me kake so in fi ka rashin amana?"

Nan ya juyo. Ya rame, idanunsa sun faɗa, amma shi ɗin ne.

"Rabin raina, wahala za ki sha."

"Na sani. Ina shan ta tun ranar Lahadi, kuma ni kaɗai. Gara mu sha tare."

"In Allah bai tashe ni ba fa?"

"Ban zo da alkawarin zai tashe ka ba. Ni ma ban san abin da yake yi ba. Na dai san bai tafi ba."

Bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Haka ta fito, zuciyarta a rataye.

Ranar Lahadi aka tashi da ruwan sama, kwanon rumfar na yoyo. Gwaggo Yalwa ta zo fuska a murtuke. Soumaïla ya ja waƙa da ƙarfi fiye da kullum. Da aka shigo da kujerar Arzika, Assibi ta tashi daga layin mata, abin da ba a saba gani ba, ta ratsa jama'a ta zauna a ƙasa kusa da ƙafafunsa da ba sa jin komai.

Fasto ya karanta sunayensu. Sannan ya ɗago kai.

"Akwai mai dalilin da zai hana?"

Ta ji hannun Arzika ya motsa a kan cinyarsa. Hannun ya fara tashi.

Ba ta fizge shi ba. Tafin hannunta kawai ta buɗe, ta ajiye a gefensa, ta jira.

Hannun ya tsaya a iska. Ruwa na ta ɗiga cikin bokitin da aka tara a tsakiyar majami'a.

Sannan a hankali ya sauko, ya kwanta cikin nata.

"Ban ji kowa ba," in ji Fasto.

Arzika bai sake takawa ba har ƙarshen ransa. Ranar ɗaurin auren, da aka ce ango da amarya su miƙe don alkawari, Assibi ta jawo benci ta zauna daidai da shi, suka yi nasu a zaune.