Hoton Wani a Bangon Littafinta

Ranar da aka kira Basant ɓarauniya, hannuwanta ko bushewa ba su yi daga wanki ba. Tun hantsi take durƙushe a saman benen baffanta a Mansura, ta wanke zannuwan gadon gidan kaf, ta share ɗakin tattabaru, ba ta sa komai a cikinta ba sai guntun gurasa da ta dangwala a ragowar waken ful na jiya. Yarinya 'yar shekara goma sha bakwai, saura wata biyu ta zauna jarrabawar Sanawiyya, wadda daga ita ake sanin mai shiga jami'a da mai zaman gida... amma wa zai ce mata ajiye bokitin nan ki je ki yi karatu? Uwarta ta rasu shekara uku da suka wuce, mahaifinta kuwa ko kamanninsa ba ta riƙe ba.

Abu ɗaya ke sanyaya mata rai. Kullum bayan la'asar ƙawayenta uku na aji, Hadir da Rufaida da Nirmin, sai su hauro benen suna haki, ta tsaya jikin tankin ruwa da alli tana koya musu kemistiri. Iyayensu ba su da halin kai su cibiyoyin darasi, ita kuma Allah ya buɗe mata kai. Tun farkon shekara take rubuta littafi guda da hannunta, tana warware duk abin da ya ɗaure musu kai, su kuma su yi fotokwafinsa a shagon kwana. Hadir takan tsokane ta da cewa Malama mai warin sabulu, ita kuma ta rama da cewa gara warin sabulu da kan da ba ya riƙe lissafi, su yi ta dariya har tattabaru su watse.

Shahinda, 'yar baffan nata, ba ta zama da su. Ita cibiyar Ustaz Midhat take zuwa, mutumin da hotonsa ke manne a kowane bangon unguwa da rubutun "Sarkin Kemistiri" a ƙasa. Sau da yawa yakan tsayar da ita gaban ɗalibai ɗari biyu ya yi mata ba'a. Wata rana don ta fita kunya sai ta ɗauki littafin Basant a ɓoye, ta nuna masa a kan aikinta ne. Ya buɗe shafi biyu, ya ce ta bar masa zai duba. Kwana uku Basant na neman littafin tana kuka kafin ya ɓullo a ƙarƙashin katifarta. Bayan wata ɗaya Ustaz ya fitar da sabon littafi bugagge, hotonsa a bango yana murmushi.

Da labari ya kai masa cewa wasu 'yan mata na yawo da irin darussan kyauta, da kansa ya zo gidan, yana ƙamshin turare, ya zauna a falo ya ce wa Baffa Abdussattar marainiyar da yake riƙo ta sace masa gumin shekara ashirin. Baffa kafinta ne, mutum mai gudun abin kunya fiye da yunwa. Aka sauko da Basant, ruwa na ɗiga daga hannun rigarta.

"Baffa, wallahi ni na rubuta," ta ce. "Ka tambayi Shahinda, ɗaki ɗaya muke kwana, tana gani ina rubutawa..."

Shahinda ta sunkuyar da kai ta ce ita ba ta san komai ba. Tant Awatif, matar baffa, ta ce dama ta daɗe tana faɗa, yarinyar da ba uwa a kanta komai za ta iya. Ta ɗauko littafin ta kunna murhun gas, ta riƙe shi a kan wutar har ya cinye. Wayyo, aikin wata bakwai! Basant ba ta yi ihu ba, ta dai zube a ƙofar kicin tana kallon tokar. Baffa ya yanke hukunci ba tare da ya kalle ta ba: ranar Juma'a za ta koma ƙauye wurin kakarta, babu makaranta, babu jarrabawa.

Kwana huɗu tana haɗa kayanta a jakar uwarta, tana sallah tana hawaye, ba ta roƙon komai sai Allah ya wanke ta, ya bar ta ta zauna jarrabawar nan. Har a lokacin, da Nirmin ta leƙo a ɓoye, abin da Basant ta fara tambayarta shi ne ko ta gama babi na huɗu.

Ƙawayen ne suka kai maganar wurin Abla Su'ad, shugabar makarantarsu. Ranar Alhamis ta tara kowa a ofishinta, ta ajiye bugaggen littafin da fotokwafin Rufaida gefe da gefe. Ustaz ya ce ai magana ta ƙare, kowa na gani daga nasa aka kwafa. Abla ta daɗe tana juya shafuka da tabarau a kan hanci, sannan ta ɗora yatsa a gefen wata tambaya, inda aka buga ƙaramin harafi cikin da'ira. Akwai H a nan, R a can, N a wani wurin, kuma suna cikin littattafan biyu. Ta tambaye shi ma'anarsu. Ya gyara zama ya ce matakan wahalar tambaya ne, sirrin sana'a.

Hadir ta ɗaga hannu kamar a aji. "Abla, H ɗin nan ni ce. Duk inda Basant ta ga ina faɗuwa sai ta sa harafin sunana don in maimaita. Ki duba, duk tambayoyin daidaita lissafi ne, kuma ki duba takardun gwajina, nan nake cin sifili."

Rufaida ta ce ita ce R, mai manta ma'auni a ƙarshen amsa. Nirmin ta karɓi nata cikin jin kunya. Abla ta sa aka ɗauko takardun gwajinsu na shekara, kowace kuskurenta ya faɗa daidai kan harafinta. Ashe mai buga wa Ustaz littafi ya kwashe komai yadda ya gani, shi kuwa Sarkin Kemistiri ko karantawa bai tsaya yi ba. Sai Abla ta ce saura harafi ɗaya, Sh, wanda ya fi kowanne yawa, ga shi kusan a kowane shafi.

"Na Shahinda ne," Basant ta ce a hankali. "Ba ta zama da mu, amma nakan ga takardunta idan ina shara. Na ce ko wata rana za ta so in nuna mata..."

Nan Shahinda ta fashe da kuka, ta faɗi komai tun daga ranar da ta ɗauki littafin. Ustaz ya fita ba sallama. Kafin mako ya zagayo labari ya gama Mansura, iyaye suka janye 'ya'yansu, ya rufe cibiyar ya bar garin. Tant Awatif kuwa ta yi wata guda ba ta iya haɗa ido da maƙwabta.

Basant ta zauna jarrabawarta. Baffa da kansa ya hana a ƙara ba ta aikin gida, yakan raka ta har ƙofar makaranta ya tsaya a rana tare da iyaye mata. Da sakamako ya fito, makinta ya isa shiga sashen haɗa magunguna, ƙawayenta uku duk suka haye, Shahinda ma ta tsallake da ƙyar, don makonnin ƙarshe a gefen Basant ta yi su.

Da la'asar ɗin ranar Baffa ya jiƙa jan sharbat, abin shan murna, cike da babbar tukunya, ya ɗauki tire da kansa yana bi ƙofa ƙofa. Wata tsohuwa a bene na biyu ta karɓi kofi ta tambaye shi ko wannan na marainiyar nan ne da yake riƙo. Ya tsaya, ya juya ya kalli Basant da ke biye da shi da buta.

"Hajiya, ba marainiya a gidana," ya ce, hawaye na gangarowa cikin gemunsa. "'Yata ce. Ki sha ki sa mata albarka, ki kuma taya ni roƙonta ta yafe mini."