Wanke Sunan Saje Job

Ana gab da azahar aka kira Sufeto Hammawa a waya. An tsinci gawar Saje Job a bakin titi, wajen shingen bincike na Gwallameji. Abokin aikinsa ya zagaya alwala, kafin ya dawo wata mota ta bi ta kan Job ta yi gaba.

Hammawa ya daɗe durƙushe gaban gawar. Tare aka ɗauke su aiki. Job ne ya laƙaba masa Arɗo don a ruga aka haife shi, kuma ba ya wuce ofishinsa da safe sai ya leƙo ya ce, "Arɗo, ina nonona?" Mutum ne mai gardamar ƙwallo da fiton waƙoƙin coci, ga kafiyar tsiya. Yau ga shi an lulluɓe shi da zanen wata mai talla.

Da Sufeto ya share hawaye ya dubi kwalta, ya ga fasasshen gilashin fitila. Baya kaɗan kuma ga ɗanyen kashin shanu, a wurin da garke ba ya bi.

Kafin a kai gawar asibiti, gari ya yanke hukunci. Daga tashar keke zuwa teburin mai shayi maganar ɗaya ce: wai na goro ya karɓa, ya raina, direba ya fusata. Mutanen da ba su taɓa ganin Job ba su suka fi kowa rantsuwa.

Washegari a gidan Job na Yelwa, Hammawa ya tarar da matar marigayin, Liatu, zaune cikin 'yan zumuntar mata, idonta a bushe.

"Maman Felicia, sai haƙuri."

"Haƙuri na nan, Baban Ni'ima. Amma yau a makaranta an ce wa Felicia ubanta a kan cin hanci ya mutu. Asabar za a binne shi. Me fasto zai tashi ya faɗa?" Ta dube shi. "Kai ka san shi. Ya karɓa?"

Hammawa ya san amsar a zuciyarsa, amma zuciya ba ta shaida a kotu. "Ki ba ni zuwa Juma'a," ya ce.

Ya koma shingen, wajen Jemima mai gasa masara.

"Ni ban ga komai ba, oga. Hayaƙi ya rufe mini ido."

"Zanen wa aka rufa masa?"

Ta ci gaba da juya masarar da ta riga ta ƙone.

"Kin ji tausayin gawarsa, Jemima. Ki ji tausayin 'yarsa."

"Farar a-kori-kura ce, an rufe bayanta da tamfol," ta ce ƙasa-ƙasa. "Can ta shige, kangon nan mai jan get."

Kangon na Alhaji Badruddeen ne, wani dillalin filaye. Ya tarbi Hammawa da 'yan sandansa da fara'a har da ruwan sanyi. A cikin katangar ga shanu ɗaure a turaku, ga farar mota a gefe, fitilarta ta hagu sabuwa fil.

"Ka canja fitila, Alhaji."

"Yara ne suka fasa da ƙwallo."

"Shanun fa?"

"Nawa ne, ranka ya daɗe. Tun suna maruƙa nake kiwonsu da hannuna."

"Madalla. Kira mini waccan mai farar fuska."

Alhaji ya yi dariya, ya matsa yana tafa hannu yana cewa, "Zo, zo." Saniyar ta ja da baya har igiya ta miƙe, ta sunkuyar da ƙaho. Kiran kaji yake yi wa shanu.

Hammawa ya ɗaga wa ɗan sandan da ke bakin get hannu. A cikin motarsu akwai Inna Hamsatu, wata tsohuwa da ta kai ƙarar satar shanunta a farkon makon. Tun da ya ga kashin nan a kwalta ya tuna da ita. Ba ta ma shigo ba. Daga bayan katanga ta ɗaga murya irin ta lokacin tatsa: "Wule! Wuleee!"

Mai farar fuskar ta tumɓuke turke ta yi bakin get tana kuka, sauran suka amsa.

"Na sata ne," in ji Hammawa. "Kuma kukansu Job ya jiyo a ƙarƙashin tamfol. Gilashin da na tsinta yana ofis, mai gyaran da ya sa maka sabuwar fitila ma ba zai yi wuyar samu ba. Wa ke tuƙi?"

Alhaji ya zauna a kan bulo, hularsa a hannu.

"Ni ne. Ya ce in bi shi caji ofis. Na roƙe shi, na miƙa masa abin da ke aljihuna duka, ya ture hannuna. Na ce ya ɗauki saniya ɗaya. Sai ya zagaya ya tsaya a gaban motar. Na ɗauka zai kauce."

"Maganar na goro fa?"

"Ni na fara ta a majalisa."

Hammawa da kansa ya sa masa ankwa. Aka wuce da shi.

Daga nan Hammawa bai koma ofis ba, Yelwa ya nufa. Ya cire hula a bakin ƙofa. Liatu ta miƙe, Felicia na riƙe da gefen zanenta.

"Bai karɓa ba, Maman Felicia. Wanda ya kashe shi ne ya faɗa da bakinsa, kuma zai maimaita a gaban alƙali."

"Sake faɗa," ta ce. "Yarinyar nan ta ji."

Ya durƙusa daidai tsayin Felicia ya sake faɗa. Sai a lokacin Liatu ta zauna a ƙasa ta fara kukan mijinta.