Wasiƙa a Cikin Injin Ƙwai

Ranar da Injiniya ya zo gyaran injin ƙyanƙyasar ƙwai na Baba, Auta ce ta riƙe masa tocila. A gaskiya, ta fi haska fuskarsa a kan aikin.

"Ga ƙwaƙwalwar injin nan," in ji shi, yana nuna mata wani baƙin abu da bai kai farce ba. "Ita ke auna zafi, ita ke juya ƙwai. Ƙarama ce, amma ba ta mantuwa."

Auta ma ba ta manta ba. Kafin wata ya ƙare injin ya lalace sau huɗu, duk a bakinta.

Baba ya gano bakin zaren. "Mutumin da in ya yi atishawa jarinsa ya ɓace, shi zai riƙe min 'ya?" Ya karɓe wayarta, ya ce daga gyaran nan kada ya sake ganin ƙafar Injiniya a gidan.

Da zai tafi, Injiniya ya raɗa mata, "Ki danna jan maɓalli sau uku. Na bar miki wasiƙa."

Ta danna. Ɗan allon ya nuna: "AUTATA, INA SON KI."

Shi ke nan. Ita da ta sa ran shafi guda! Kwana biyu tana kumbure-kumbure.

Baba kuwa bai taɓa danna abu sau ɗaya ya haƙura ba. Ya ci karo da saƙon, ya aika aka kira Injiniya.

"Ka mayar min da inji gidan waya," in ji Baba. "Kuma duk soyayyar taka layi ɗaya ce?"

"Shafi biyu na rubuta, Baba, sai ƙwaƙwalwar ta cika. Ko dai in goge ƙararrawar da ke kiranku in zafi ya yi yawa, ko in goge wasiƙar. Na dubi ƙwai ɗari uku, na goge wasiƙar."

Baba ya dubi injin, ya dubi Auta da ke laɓe bayan ƙofa.

"Fito. Wanda ya ƙi dafa min ƙwai don ya burge ki, ba zai bar ki da yunwa ba. Kai kuma, turo magabatanka."

Bayan ɗaurin aure Injiniya ya miƙa mata shafukan nan biyu a takarda. Ta karanta har ƙarshe, ta naɗe, ta share hawayen dariya.

"Masoyi, gara da ka goge."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka.