Tsatsar da Kaka Ke Wankewa

A wani gari can, an yi wata yarinya mai suna Lantana. Tana da mutum-mutumi na roba, wanda in an lanƙwasa shi sai ya rikiɗe ya zama mota. So take ya yi kama da tsohon ƙarfen da ya sha wuya, don ta kai shi gasar makaranta ran Alhamis.

Ran Litinin ta kwaɓa fenti ruwan ƙasa, ta ɗiɗɗiga masa tsatsa a ka da ƙirji, ta shanya. Kafin ta juyo, kakarta ta wanke shi tas da soso.

"Haba Kaka! Ai ado ne fa!"

Ran Talata ta sake shafawa, ta shanya. Kaka ta sake wankewa tas.

Ran Laraba ma haka. Lantana ta cika ta yi fam, saura kaɗan ta yi jifa da gwangwanin fenti. Sai ta haɗiye fushi ta ce, "Kaka, don Allah me ya yi miki?"

"Tsatsar ƙarya ce. Kifa bokitin can ki gani."

Ta kifa. Ga tsatsa a gindi da wajen mariƙi, duk inda ruwa ke kwanciya.

"To, me ya hana ki faɗa mini tun farko?"

"Kin tambaye ni?"

Lantana ta shafa wa mutum-mutumin fenti a gwiwoyi da tafin ƙafa, ta shanya. Kaka ta zo da sosonta, ta juya mutum-mutumin, ta sake juyawa.

"Kai! Wane sakarai ne ya bar wannan cikin ruwa?"